Ranar da Barry Ya Tare Ƙofa

"Barry, ni ce Glenys. Buɗe mini mana."

Ta sake tura ƙofar da kafaɗa. Makulli ya juya tun ɗazu, amma an jingina wani abu mai nauyi ta ciki. Ta duƙa ta leƙa ta ramin jefa wasiƙa, sai ta hango ƙafar teburin cin abinci, ga kujeru an jibga a kansa.

"Matsa in bangaje ta," in ji Vince. Yana tsaye a bayanta riƙe da ƙunshin kifi da soyayyen dankali.

"Da wane ƙashin? Kai da likita ya sa wa ƙugun ƙarfe?"

"Ni fa ya gani ta taga. Na ɗaga masa hannu, sai kawai ya ja labule."

Barry Ormerod shi ne mai gangar ƙungiyar kiɗa ta Ɓerayen Masaƙa tun suna samari, lokacin da masaƙun garin Burnley na Ingila ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, su kuma suka kwashi fushin unguwa suka juye a kiɗan punk mai ihu da hayaniya. Vince ne mawaƙinsu, ko mai ihunsu, yadda Glenys ke kiransa. A ɗakin ajiyar wani mahauci suka naɗi faifansu na farko. Sun yi tashe, sun dusashe, sun ɓata sun shirya, kuma ba su daina fitar da faifai ba har furfura ta rufe su. Sai bara, Barry ya tsaya cak a tsakiyar waƙa yana kallon sandunan hannunsa kamar bai taɓa ganinsu ba. Likita ya ce mantuwa ce wadda ba ta warkewa, ga zuciya ma ta gaji. Tun daga nan Glenys, da katanga ɗaya ta raba su, take riƙe da makullinsa.

Ta ɗago ta dubi Vince tun daga sama har ƙasa. Tsufa ya share masa kai tal, ko silin gashi babu. Ga baƙar rigar fata, ga manyan takalma masu igiya har ƙwauri.

"Wayyo, Vince. Ka ga kamanninka kuwa?"

Ya shafa kansa.

Babu wanda bai san labarin ba a layin. Shekarar da faifansu na biyu ya fito, wasu 'yan daba masu aske kai da manyan takalma suka afka zauren da suke wasa. Aka rotsa wa Kenny, ƙanen Barry mai kaɗa jita, kwalba a ka, bai kwana ba rai ya yi halinsa. Shi ya sa bangon faifansu na uku baƙi ne wuluk, babu hoto.

"Tsaya nan, kada ka sake bugawa," ta ce. "Kira motar asibiti. Tun jiya bai sha maganinsa ba."

Ta ratsa ta gidanta, ta taka bokiti ta haura gajeriyar katangar baya, gwiwoyinta na ƙara. Ƙofar kicin a buɗe take. Cikin gidan duhu da rana tsaka, an ja kowane labule. Ƙwayoyin magani sun warwatse a ƙasa, suna fashewa a ƙarƙashin silifas ɗinta.

"Barry?"

Shiru. Sai ƙarar firij.

Ta shiga lungun da ke kaiwa ƙofar gaba tana lalube. Hannu ya fito daga ɗan ɗakin ƙarƙashin bene ya toshe mata baki, wani ya fizgo ta ciki. Kanta ya bugu da katako. Ƙofar ta rufe.

"Shhh. Kina so su ji mu?"

Wurin na warin ƙura da tsohon kwali. Bayanta ya manne da akwatunan fayafayan da ba a sayar ba. Hasken da ke shigowa ta tsagar ƙofa ya nuna mata abin da ke ɗaya hannun Barry: ƙarfen da ake ɗora farantin ganga a kai, ya riƙe shi kamar gora. Mutumin da cokali ke gagararsa da safe, yanzu yatsunsa sun nutse a wuyan hannunta har ta ji ƙashi na motsi.

"Ni ce Glenys, maƙwabciyarka."

"Ban san ki ba. 'Yar yarinya da ke, me ya kawo ki irin wannan wuri? Uwarki ta san kin fito?"

Ta ga dai musu ba zai fisshe ta ba.

"Ba ta sani ba."

"To ki lafe a bayana. Duk wanda ya leƙo sai na fasa masa kai."

Numfashinsa na fita da wani kurari, gumi mai sanyi na ɗiga a hannunta. Ta tuna ma'aikatan asibitin da ke hanya. Idan suka shigo ta baya suka buɗe wannan ƙofa, wanda ya fara sa kai shi zai sha ƙarfen. Idan kuma ita ta motsa ba daidai ba, ita ce.

Sai aka buga ƙofar gaba da ƙarfi. Haƙurin Vince ya ƙare.

"Glenys! Lafiya? Yi magana!"

Barry ya zabura. Ƙarfen ya daki silin, ƙura ta zubo musu. Ya danne ta da jikinsa gaba ɗaya har numfashinta ya ɗauke, tana jin zuciyarsa na tsalle a kafaɗarta, tana bugawa tana tsallakewa.

"Kenny na waje," ya ce cikin raɗa. "Na bar shi a bayan lasifika. Na gudu na bar shi."

"Vince!" Ta tattara ƙarfinta ta ɗaga murya. "Bar bugun nan! Yi masa magana yadda kuka saba!"

Bugun ya tsaya. Aka ji murfin ramin wasiƙa ya ɗaga.

"Kai, Barry! Malalacin banza! An gama wasa kana nan kana ɓuya don kada ka ɗauki kaya?"

Jikin Barry ya sandare. Glenys ta rufe ido.

"Wane ne wannan?"

"Wa kake tsammani, mai kunnen tulu? Yau ma ka ja mana waƙar ƙarshe kamar ana rakiyar gawa."

Sannan ta ji yatsun sun ɗan sassauta.

"Ni na ja? Kai da muryarka kamar an taka wutsiyar kare?"

"Ka fito ka faɗa mini a ido."

"Sun tafi?"

"Tun yaushe. Ko ɗaya babu."

"Kenny fa?"

Murfin ramin ya yi 'yar ƙara. Glenys ta ji Vince na jan hanci.

"Yana mota," ya ce. "Ya cinye rabin dankalinka."

"Ɗan banza," in ji Barry, har da 'yar dariya. Ƙarfen ya sulale ya faɗi.

Ta tura ƙofar da ƙafa, suka rarrafo waje. Bai iya miƙewa ba, sai ya zauna a matakalar farko ya jingina da bango. A hasken lungun ta ga leɓɓansa sun yi shuɗi.

"Ƙirjina," ya ce. "Kamar an ɗora mini lasifika."

Ta hau janye kujerun tana jifa da su gefe, teburin kuwa ya ƙi gusawa. Vince ya zagaya ta gidanta. Yadda ya haura katangar da ƙugunsa, ba ta taɓa sani ba. Ya tuɓe takalman ya shigo da safa kawai, ya rufe sanƙonsa da tawul ɗin goge kwano. Barry ya ɗaga ido ya dube shi.

"Ka tsufa, Vince."

"Kai ma ba yaro ba ne."

Vince ya zauna kusa da shi a matakalar, ya jawo kansa ya ɗora a kafaɗa. Glenys ta riƙe masa hannu tana ce masa ga mota nan, ga ta nan, ko da yake ba ta jin jiniya. Da jiniyar ta shigo layin, hannun ya riga ya yi nauyi a nata. Sai da mutum uku suka taru kafin teburin ya matsa. Ma'aikatan suka yi ta danna ƙirjinsa a kan dardumar lungun, daga baya babbar cikinsu ta dafa kafaɗar abokin aikinta, ya dakata.

Da la'asar, bayan an tafi da gawarsa, Vince ya zauna a kicin ɗin Glenys, shayi na hucewa a gabansa. Yayyafi ya fara sauka. Ta leƙa ta taga, sai ta ga wankin Barry na nan a igiya, baƙaƙen riguna da suka koɗe har sunan ƙungiyar ya kusa gogewa. Ta fita ta miƙa hannu ta saman katanga ta cire su ɗaya bayan ɗaya, ta rungumo su a ƙirji don kada su jiƙe, ta kawo su kan teburinta ta fara ninkewa.