Kakin Kawu

Hoto na uku da aka dawo da shi, Mai Shago da kanta ta kawo mini har gida, a naɗe cikin tsohon tawul. Ko zama ba ta yi ba, ta buɗe shi a kan teburin aikina. Kwale-kwale biyu ne a bakin ruwa, na yi sati biyu cur ina fama da su. Ruwan ya tsage tun daga sama har ƙasa, gefe guda ya ɗago kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Na sa farce na taɓa, sai ga rabin kwale-kwale a tafin hannuna.

Ni da kakin zuma nake zane. In narka shi a gwangwanaye a kan risho, in zuba ƙaro kaɗan don ya yi tauri, in zuba garin launi, in shafa a allon katako tun yana da zafi, sannan in bi shi da wuta ya narke ya kama na ƙarƙashinsa. Shafi kan shafi, wani lokaci har ashirin. Shekara tara ina wannan aiki, Mai Shago tana rataye hotunana a bangonta tana sayarwa, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi. Yanzu ga uku cikin wata huɗu.

Ta tambaye ni ko na canza wani abu. Na ce ko buroshi ban canza ba. Ta ce wa yake ba ni kaki. Na ce kawuna.

"To," in ji ta. Irin "to" ɗin nan mai jela.

Ta tafi ta bar ni da jelar. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, a hannunsa na girma bayan rasuwar babanmu. Yana da amya fiye da talatin a bayan gari, kuma shi ya fara ba ni ɗan curin kaki ina yarinya, na yi ta murzawa ina yin tsuntsaye. Duk farkon wata zai zo da kaki a bayan kekensa, curi-curi masu faɗin faranti, ya zauna a ɗakin aikina ya sha shayi yana yi wa hotunana tsiya, wai jakin da na zana ya fi kama da surukinsa. Wannan mutumin ne zuciyata ta fara yi wa kallon gefen ido, kuma wallahi na ji kunyar kaina tun a lokacin.

Da muna cin abinci na gaya wa maigidana. Shi kafinta ne, shi yake yanka mini alluna ya goge su da samfefa. Ya ce ai kaki ya yi wuya a bana, ya ji ana cewa wasu kan narka kyandir su haɗa don ya yi auki. Sai ya ɗaga hannu ya ce shi fa bai kira sunan kowa ba. Na ce wa ya ce ka kira? Ya ci gaba da cin abincinsa.

Daga nan na zama 'yar sandan ciki a gidana. Na ɗauko ragowar kakin, na shinshina, na tauna, na ƙona a cokali ina kallon hayaƙin. Ban gane komai ba, amma zuciya in ta so gani sai ta gani. Na tuna cewa kakin watannin nan ya fi na da haske. Da na yi maganar a lokacin, Kawu ya ce ƙudan zuman ne suka koma wasu furanni, na yarda. Yanzu sai na ce furanni ko? Na tuna zuwansa na ƙarshe bai shanye shayinsa ba, wai yana sauri. Saurin me tsoho yake yi? Na tuna ya yi sabuwar taya a kekensa. Har taya, jama'a, sai da na tuhuma.

Ran Talata da hantsi na shirya na tafi, wai gaisuwa. Na same shi a tsakar gida yana tace saƙar zuma a ƙyalle, hannunsa duk danƙo, ga wasu mata biyu zaune a benci da kwalabensu sun zo sayen zuma. Ya yi murna, ya ce yau wace rana, mai jakuna ta tuna da mu. Na yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Na ce bari in ɗauko tabarma, na shige ɗakin da yake narka kaki.

Ba tabarma na je nema ba. Na buɗe tukwane, na leƙa bayan buhuna, na ɗaga murfin durom. A ƙarƙashin tebur na ga kwali, na jawo. Kyandir ne fari tas, an kwashe fiye da rabi. In faɗi gaskiya har wani ɗan daɗi na ji, irin na wanda biri ya yi masa kama da mutum.

Na fito da guda ɗaya na ajiye a gabansa.

"Kawu, wannan fa?"

"Kyandir ne."

"Na san kyandir ne. Guda nawa kake zubawa a kowane curi?"

Kawu ya dubi kyandir ɗin, ya dube ni, ya goge hannunsa a gefen rigarsa a hankali. Ya ce ɗakin ba taga, ni ma na sani, idonsa kuma ya fara rauni, hayaƙin fitila yana sa shi tari. Da na tsaya a nan da an wuce wurin. Amma bakina ya riga ya tsinke. Na ce ruwa ba ya tsami banza, sunana ake zubarwa a kasuwa, in wahala ce ta yi masa yawa ai da ya faɗa mini. Kawu ya ɗauki mazurari ya ci gaba da cika wa matan kwalabensu, ɗaya daga cikinsu tana ɗaga tata tana hasko ta a rana, abin da na tabbata ba ta taɓa yi ba.

A hanyar dawowa na sayi ɗanyar saƙa a wurin wani mai zuma. Na tace da hannuna, na narka da hannuna, ba wanda ya taɓa mini. Na ɗauki sabon allo na yi hoton wata bishiya, na jingine shi a bango ina jiran ya wanke ni.

Sati uku, reshe ya ɗago.

Na zauna a ƙasa na ɓamɓare hoton gaba ɗaya, ya fita salin-alin. A nan ne na lura da abin da ya kamata in gani tun farko. Katako yakan sha shafin farko, ya yi duhu, ko da wuƙa ka kankare sai ka bar tabo. Wannan allon fes yake, kamar kaki bai taɓa hawansa ba. Na ɗiga masa ruwa, ruwan ya dunƙule ya gangara.

Ko mayafi ban gyara ba na nufi shagon maigidana. Na same shi da allunana guda huɗu jere a kan benci, yana tsoma tsumma a wani galan yana mulke su. Na tambaye shi mene ne wannan. Ya amsa da fara'a, wai man katako ne mai maganin gara. Watanni biyar da suka wuce gara ta cinye wa wani mutum kantar shagonsa, tun daga nan ya ce aikin matarsa ba zai zama abincin ƙwari ba. Ya zaɓi wanda ba ya ƙyalli don kada ya ɓata mini launi. Na ce me ya hana ka faɗa mini?

"Abin faɗa ne? Ina kafinta in riƙa ba matata katako tsirara?"

Na so in kwaɗa masa allon a ka, na so in yi kuka, sai kawai na zauna a kan tarin katako na gaya masa kaki ba ya kama mai. Ya saki tsumman. Can ya ce, a hankali, ai shi dama bai kira sunan kowa ba.

Kwana biyu ina saka da warwara yadda zan je in fuskanci Kawu. Na sa takalmi na cire ya fi sau biyar. A rana ta uku wata ya kama, ina kankare alluna da safe sai na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida.

Bai shigo ɗakin aiki ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kwance buhu, ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa ya fara jera kaki. Kowane curi an fasa shi gida huɗu da wuƙa, an juyo cikinsa sama.

Na durƙusa. Na ce Kawu ka yafe mini, ba kaki ba ne, alluna ne, na gano, bakina ne ya ja mini. Hawaye suna zuba ina ta jero bayani a kan mai da gara.

"Na ji, Allah ya kyauta," ya ce. "Duba dai, kafin in tafi."

Na ce ba sai na duba ba. Ya ce ba ya sauri. Haka ya tsaya riƙe da kekensa, ni ina durƙushe, ina ɗaukar gutsuren nan ɗaya bayan ɗaya ina juyawa, ina ajiyewa, har na ƙarshe. Sannan ya naɗe buhunsa, ya ce in gaida maigidan.

Har yau yana kawo mini kaki duk farkon wata, mai kyau, wanda babu irinsa a kasuwa. Bai sake kawo shi a dunƙule ba.