Ranar da Baba Ya Hau Dutse da Auta

Dogo ne babban mai yi wa baƙi jagora a gandun dajin. Ya san inda dutsen ya fi santsi, ya san kwazazzabon da ruwa ke bi, ya haddace labarin yadda kakanninsu suka zauna a kansa kafin gwamnati ta sauko da su ta bar wa namun daji wurin. Amma da Baba, tsohon da ya koya masa duk wannan, ya ce yana son hawa na ƙarshe, sai ya kira Auta. Auta fa! Wanda aikinsa zama a rumfar ƙofa yana yage tikiti.

"Baba, ni fa?" in ji Dogo.

"Kai sauri gare ka. Ƙaninka ya iya jira."

Maganar ta tsaya masa a wuya, kishi ya hana shi ko karyawa. Matarsa ta ce, "To ka bi su mana, maigida, hanyar ta wani ce?" Ya ce Allah ya kiyaye ya zama ɗan rakiya. Sai dai su tarar da shi a ƙololuwa, ya miƙo wa Baba hannu, tsoho ya gane wa ya haifa.

Ya saɓi gorar ruwa ya bi hanyar birai ta bayan dutse, wadda ba a bi da baƙi. Ya ƙuje gwiwa, ƙaya ta yage masa wando, ko a jikinsa. Kafin rana ta take ya isa, ya zauna kan tulin duwatsun da masu hawa ke tarawa, yana shirya abin da zai faɗa.

Shiru, shiru, ba su ba alamarsu.

Da ya leƙa ƙasa sai ya hango su can a tsakiyar dutsen, nesa da hanya, cikin kufan garinsu. Ashe Baba bai taɓa nufin ƙololuwa ba! Yana dafe da kafaɗar Auta, yana nuna masa ƙasa da sanda, nan da can, suna tsugunawa suna addu'a. Kaburburan gidansu ne, waɗanda Dogo ya shekara da shekaru yana roƙon a nuna masa.

Ya ƙwala kira, iska ta kwashe. Ya gangaro yana zamewa yana tashi, ya cim musu a bakin hanya, Auta na goye da tsohon.

"Baba, don Allah mu koma ka nuna mini."

Baba ya buɗe ido da ƙyar. "Ni na gama hawa, ɗana. Ka tambayi ƙaninka."