Kujera ta Huɗu

"Ba haka ba ne! Ukun nan raba su ake yi!" Injiniya ya bugi teburin falo har katunan suka yi tsalle.

Mahaifinsa, tsohon tela, yana jin su daga ɗakinsa na ƙarshen baranda. Duk Asabar haka ake yi. Injiniya da abokansa su baje katunan nan masu hotunan dodanni da matsafa, su yi ta musu kamar masu rabon gado. Yau rigimar a kan katin Ruwan Wuta ce. Injiniya ya ce maki ukun da katin ke ci rabawa ake yi tsakanin sojojin abokin gaba. Dogo mai kemis ya rantse kowane soja uku zai sha.

Tsohon ya san amsar, har shafin da take.

Tun da matarsa ta rasu aka dawo da shi gidan nan, ba a rage shi da komai ba: abinci a kan lokaci, magani, fanka. Hira ce kawai babu. "Sannu Baba" da safe, "sannu Baba" da yamma, shi ke nan an sallame shi. Kaɗaici ya ci shi ya cinye. Ranar da ya tsinci ɗan littafin dokokin wasan a kwandon shara, sai ya ce mai nema yana tare da samu. Ya yanka kwalin da yake sa wa wuyan riga, ya yi katunansa da biro, maɓallai suka zama maki. Wata biyar yana wasa shi kaɗai a kan gado, ya ci kansa, kansa ya ci shi, duk don ranar da ɗansa zai ce masa, "Baba, zo ka zauna."

* * *

Ya sa hula, ya fito. Su uku ne a teburin. Kujera ta huɗu babu kowa, malamin lissafi bai zo ba yau.

"Kowane soja uku yake sha," in ji tsohon. "Sai na layin baya mai garkuwa, shi ɗaya kacal. Shafi na sha tara."

Dogo ya duba dokar a waya, ya kwashe da dariya.

"Wallahi Baba ya kashe maganar! Injiniya, ashe da gwani a gidan nan kake ɓoye mana?"

Tsohon ya dafa bayan kujerar. Rabon da ya ji daɗi irin wannan har ya manta.

"Baba ke nan," in ji Injiniya, yana tattara katunan bai ɗago ba. "To amma fa ba mu cika ba. Bari na kira malam ta bidiyo."

Ya jingina wayar da kofi, ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. Sai a lokacin ya dubi mahaifinsa.

"Yauwa Baba, tunda kana tsaye, ɗan riƙe mana ita ta nan sama ya riƙa ganin teburin."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu. Aka raba kati gida huɗu, kason malam a gaban kujerar da babu kowa. Zagaye ɗaya, zagaye biyu, kafaɗarsa ta fara sagewa. Yana kallon ɗansa ya zaro katin da zai sa Injiniyan ya faɗi, sai tsohon ya buɗe baki zai yi magana.

"Baba, hannunka na rawa," in ji Injiniya. "Malam ya ce ba ya gani sosai."

Tsohon ya rufe bakinsa, ya ƙara ɗaga wayar.