Numfashin Wannes a Rediyo

Saura kilomita uku ayarin masu tseren keke ya shiga tsohuwar hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu, Odiel ya fara ihu a makirfon rediyon da ke kai magana kunnen 'yan tserenmu.

"Gaba! Ku kai Korneel gaba! Wannes, da kai nake, buɗe masa hanya ko da kafaɗa ne!"

Hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da makirfo, idonsa a kan ƙaramin talabijin da ke manne a gaban mota. Shekara talatin ke nan yana jagorantar ƙungiyoyin tseren keke a Flanders. Ni kuwa shekarata biyu a kujerar gefensa a matsayin mataimakiya, da allon kwamfuta a cinya. A kujerar baya Staf makaniki ne, ya takure tsakanin tayoyi.

Na ce, "Maigida, mota ashirin da biyar ne a jerin nan, kuma kowace abin da take faɗa wa yaranta ke nan. Mutum ɗari da saba'in, hanya faɗin tarakta ɗaya. Ta ina za su shige?"

"Farfesa Griet ta fara lacca," in ji Odiel. "Staf, miƙo mata dunƙulen shinkafa ta toshe baki."

Rigimarmu ke nan tun ranar da na zo. Na sha nuna musu a rubuce cewa yaran nan sun daina kallon hanya, kunne kawai suke bi. Sai a gyaɗa kai, a ce haka aka saba, a koma shan kofi.

A talabijin muka ga abin. Ayarin ya iso kwanar shiga hanyar duwatsun da gudun kilomita sittin a awa, kowa na ture kowa. Tayar wani ta goge ta wani. Keke ya tashi sama ya dawo a kan mutane, na baya suka hau kan na gaba, wani ya daki turken shinge da fuska. Da muka iso, wajen mutum talatin ne a zube. Wani ɗan Italiya yana zaune a tsakiyar hanya yana kallon ƙashin da ya huda fatar hannunsa.

Staf ya fita da gudu da tayoyi biyu. Korneel, wanda muka zo domin ya ci tseren, ya tashi da jini a gwiwar hannu, aka canja masa taya, aka tura shi. Staf ya dawo yana haki.

"Namu biyu ne suka faɗi, duk sun hau."

Na ce, "Wannes fa?"

"Ban gan shi ba. Ai shi ne a gaba, ya wuce ke nan."

Odiel ya fizgi mota muka shiga duwatsu, komai na cikinta yana rawa. Ya danna makirfo zai yi wa Korneel magana, maganar ta ƙi fita. Kowane ɗan tsere yana da maɓalli a ƙirji, ƙarƙashin riga. Duk wanda ya danna nasa, shi kaɗai ake ji, kowa kuma sai ya jira ya saki. Wani ya danna, bai saki ba.

"Wani shashashan gumi ya jiƙa masa maɓalli. Mayar da mu tasha ta biyu."

Ƙa'idarmu ce: in tasha ta toshe, kowa ya koma ta biyu. Na kai hannu, sai na fasa, na ƙara murya. Numfashi ne. A ja da ƙyar, a tsaya, sannan wani sauti kamar mai hura iska cikin kofin ruwa. Can aka yi nishi. Shekara biyu ina jin muryar nan a kunnena.

"Wannes ne. Bai danna ba, kwance yake a kan maɓallin. Maigida, ruwa nake ji. Yana cikin magudanar da ke bakin kwanar."

"Motarmu ta biyu ta duba shi. Aikinta ne kwashe waɗanda suka faɗi."

"Mota ta biyu tana can gaba tare da waɗanda suka ɓalle daga ayari, kai ka tura ta!"

"To akwai motar asibiti a can. Korneel na bayan ayari da daƙiƙa arba'in, ba ya ji na, ke kina saurarar kwaɗi. Canja tasha!"

"Motar asibiti waɗanda take gani take ɗauka. Tsaya!"

"A nan? Da mota goma a bayana? In na fita daga jeri ba na sake komawa."

Ya miƙo hannu zai murɗa tashar da kansa. Na kama wuyan hannun. Ya fizge, ya maka mini gwiwar hannu a baki, na ji haƙori ya tsaga leɓena. Ban tsaya tunani ba, na ɗaga allon kwamfutar da hannu biyu na sauke masa a hanci. Jini ya feso a sitiyari. Motar ta karkata ta goge shinge, masu kallo suka watse, kofunan giya da soyayyen dankali suka tashi sama. Na ja burkin hannu da dukan ƙarfina. Motar da ke bayanmu ta dake mu, gilashin baya ya tarwatse a kan Staf.

"Kin haukace! An kore ki! Kin ji? An kore ki!"

Na buɗe ƙofa. "Staf, kana zuwa ko kana gadin tayoyi?"

Muka ruga da baya ta gefen hanya, motoci na danna mana oda, direbobi na zagi ta taga. Wani alƙalin tsere a kan babur ya tare ni da hannu, na ture shi har sai da ya dafa ƙasa da ƙafa. Mita ɗari bakwai ne, ina gudu ina tofar da jini.

A kwanar, ma'aikatan motar asibiti sun ɗauki mutum biyu suna shirin rufe ƙofa. Na wuce su na bi bakin magudanar. Ciyawa ta rufe ta, ruwan Maris ya cika ta. Staf ne ya hango tayar bayan kekensa a ƙarƙashin ƙaya, taku ashirin daga inda ya tsaya ɗazu yana canja taya.

Na diro ciki, ruwa har gwiwa, sanyi kamar wuƙa. Wannes na kife a kan ƙirji, hular kwanonsa ta rabe biyu, rabin fuskarsa cikin ruwa. Yana ɗaga hanci ya shaƙi iska, wuyan ya gaji, ya koma. Na durƙusa na tallafo haɓarsa da tafin hannu biyu.

Staf ya kama ƙafarsa zai ja.

"Kar ka taɓa shi! Dubi bayansa!"

Akwatin rediyon da ke aljihun rigarsa, daidai kan ƙashin baya, ya fashe ya lotsa. A kan akwatin ya fara faɗuwa kafin ya mirgina. Na ƙwala wa masu motar asibiti kira har muryata ta tsage.

Mu biyar muka ɗora shi a kan katako, aka ɗaure masa wuya. Ya amayar da laka da jini a kan takalmina. Likitar motar asibitin ta yanke igiyar takalminsa da almakashi, ta mintsini babban yatsan ƙafarsa.

"Kana ji?"

Ta sake mintsina da ƙarfi, har farcenta ya shiga.

"Ina ji," in ji Wannes, da ƙyar. "Malama, sake ni mana."

Staf ya zauna daɓas a cikin laka ya rufe fuska da hannuwa. Likitar ta dubi bakina, ta ce ni ma sai an yi mini ɗinki, in hau. Na hau na zauna kusa da kansa, na zare abin sauraren rediyon da har yanzu ke maƙale masa a kunne, aka rufe ƙofa.