Buhun Inna Tala

Mai binciken haraji yana tafe cikin mangazar Inusa, ɗakin ajiyar hatsinsa, da alli a hannu, duk buhun da ya ƙirga sai ya ja masa layi. Ranar kasuwar Gidan Rumji ce, jama'a sun taru a bakin ƙofa suna kallo. Da ya kai ƙurya ya tsaya ya karkaɗe hannunsa.

"Malam Inusa, ribar da ka shaida wa buro, ofishinmu na haraji, bara ta ɗan tebur ce. Wannan hatsi duk naka ne?"

Fiye da rabi ba nasa ba ne. Kowace kaka mutanen unguwa kan kawo masa ajiya, kowa ya ɗaura tsummansa a bakin buhu, ba takarda, ba shaida. Suna kawowa ne don kada dangi su san abin da suka ajiye. Mai jan tsumma na Inna Tala ne, tsohuwar maƙwabciyarsa, irin shukarta ne. Sai da ta ce masa, "Ko Abdulhadi kada ya ji," saboda ɗan nata ya taɓa sayar mata da iri ya gyara babur.

Inusa ya waiga. Ga Abdulhadi jingine da ƙofa yana cin gyaɗa.

"Duk nawa ne, mushe," in ji Inusa, yana girmama mai binciken da Faransanci.

Mutumin ya rubuta, ya miƙo biro. Inusa ya sa hannu.

* * *

Da takardar buro ta zo, 'yarsa Hasiya, mai karatun sakandare a lise ta Maraɗi, ita ta karanta masa. Sun lissafa buhunan duka cikin cinikinsa, sun ɗora masa harajin ribar da suka ce ya ɓoye, da tara a kai.

"Baba, ba su rufe magana ba. Sun ba ka wa'adi ka amsa a rubuce. Mu nemi lauya."

"Ke, kisan kai na yi?"

Duk da haka bai iya cin tuwo ba. Washegari ya nemi Tsoho, wanda ke yini a gindin bishiyar bedi ta ƙofar buro yana cewa ya san kowa a ciki.

Tsoho ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Lauya? Ranar da suka gan ka da lauya, ranar za su tabbata kai ɓarawo ne. Yarinya ta yi boko a lakol za ta koya maka zaman duniya? Kawo na goro, ka je ka kwanta."

Inusa ya kawo. Duk ranar da ya leƙa, amsar ɗaya ce: babban jami'in buron ya yi tafiya. Har wa'adi ya wuce. Wata safiya aka zo aka sa wa mangaza kwaɗo, aka manna takarda a ƙyauren.

* * *

Lauyar da Hasiya ta kai shi wurinta a Maraɗi, Rahina, ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba.

"Baba, mai bincike ba ya sanin tsumma, abin da ka faɗa ya rubuta. Da ka zo takarda na da ɗumi, da na zauna da masu ajiya ɗaya bayan ɗaya, a ɗaki, kowa ya ba da shaida, mu aika musu. Abdulhadi ba zai ji ba."

"Yanzu fa, 'yata?"

"Yanzu ƙara za mu shigar. Akwai hanya, amma doguwa ce."

"Kafin shuka?"

Ta dubi Hasiya, ta sunkuyar da kai kan takardun.

* * *

Ruwan farko ya sauka ranar Laraba. Da gari ya waye unguwa ta watse gona, kowa da sungumi a kafaɗa. Inusa yana zaune a dakalin mangaza sai ga Inna Tala tana takawa a hankali, ƙwarya a kanta.

"Inusa, ƙasa ta jiƙa. Zuba mini tiya biyu tukuna."

Ya nuna mata kwaɗon. Ba ta iya karatu ba, sai ta shafa takardar da tafin hannu, sannan ta kara ido a tsagar ƙyaure. Ta daɗe a haka.

"Ga shi can," ta ce. "Ba wanda ya taɓa shi. Allah ya yi maka albarka."

Ta kifa ƙwaryar a ƙasa, ta zauna kusa da shi tana jiran a buɗe.