Usur Mai Ƙamshin Mangwaro

Likitar da ta raba ni da taba ba ta girmi 'yata ba. Ta ɗora min abin sauraron ƙirji, ta ce in ja numfashi, na ja, sai ta yi shiru irin na makaniken da ya leƙa ƙarƙashin mota ya ga abin da ya gani. Ta tura ni wajen nas ɗin da ke kula da masu son dainawa. Ita kuma nas ta miƙo min sigarin lantarki a kwali, ta ce wannan ma ba magani ba ne, amma ya fi abin da nake yi wa kaina. Da na kai shi gida, matata Shona ta jujjuya shi a hannu, ta ce, "Malam Murdo, usur suka ba ka? Alkalin wasa za ka koma?" Tun daga ranar ba shi da wani suna a gidanmu sai usur.

Ni da Shona ba mu taɓa iya hira a zaune ba. A teburin cin abinci muna maganar famfon da ke yoyo da karen maƙwabta. Duk wata magana ta gaske a tsaye muka yi ta, cikin sanyin garinmu Dundee, kowa da karansa a hannu. A haka ta gaya min tana da cikin Kirsty, ta take karan da ƙafa, ta shafe watanni tana kallona kamar ɓarawo duk lokacin da na kunna nawa. A haka na gaya mata an ba wani yaro shugabancin sashen tarihi a makarantar da nake koyarwa. Ba ta taɓa riƙe laita ba. Ni ne mai wuta, ita ce mai sunkuyowa, kuma ban san cewa wannan muƙami ne ba sai da na sauka daga kansa.

Duk Alhamis da yamma muna zuwa gasar kacici-kacici a mashayar Senga. Idan aka tafi hutun rabin lokaci, masu shan taba su ɗora faifan kwali a bakin kofinsu, alamar kujera da mai ita, su fice farfajiyar baya ƙarƙashin rumfar kwano. Makonnin farko na riƙa binsu da usur ɗina. Sai dai mai usur a cikin masu taba ba shi da abin bayarwa, ba shi da abin roƙa. Ba a ce masa ara min kara, ba a ce masa kawo wuta. Ga shi in na busa, sai wani farin hadari mai ƙamshin mangwaro ya rufe mutum uku, su yi ta kore shi da hannu kamar na saki wani abin kunya.

"Farfesa, shagon alawa ka haɗiye?" in ji Fergus.

Fergus likitan dabbobi ne, matarsa ta daɗe da barinsa, kuma da alama abin ya karɓe shi. Dogo ne, mai dariya daga ciki. Ba ya sayen kara, naɗa tabarsa yake da hannu, wata baƙa mai ƙamshin zaƙi-zaƙi, yana lasar takardar a hankali kamar ana ɗaukarsa hoto. Yana cikin ƙungiyar da take kayar da mu kowane mako, duk da bai san shekarar da aka yi ko yaƙi ɗaya ba.

Senga, mai mashayar, ita ce ta yanke min hukunci. Ta ce, "Kai mai tururi, ba sai ka fita ba. Ka busa ƙarƙashin tebur, in ban gani ba ban sani ba." 'Yan ƙungiyarmu suka yi murna, don an samu mai gadin riguna da jakunkuna. Haka na zama mutumin da ya fi kowa lafiya a teburin, zaune shi kaɗai tsakanin kofuna masu murfi. Tagar da ke kallon farfajiya gilashinta mai dishi-dishi ne, inuwa kawai ake gani. Amma inuwar ta isa. Doguwa ta dunƙule hannu, gajeriya ta sunkuya, wani ɗan ja ya haska tsakaninsu.

Alƙawuran da nas ta yi min duk sun cika, abin da ban yafe mata ba. Tarin safe ya tafi. Na hau tudun Law ba tare da na tsaya ina yi kamar kallon kogi nake ba. Harshena ya farfaɗo, na gano shekara da shekaru ina zabga wa miya gishiri, mutane suna ci don kunya. Ba wai na rabu da jarabar ba ne. Kara yana da farko yana da ƙarshe, usur kuwa ba shi da ko ɗaya. Ina busa shi ina duba jarrabawar yara, ina busa shi a banɗaki, in na farka shi nake lalube kafin tabarau.

"Da ashirin kake sha a rana," in ji Shona. "Yanzu ɗaya kake sha, daga tashi zuwa kwanciya. Sannu da ƙoƙari, Malam."

Sai hanci ya dawo. Ba wanda ya gargaɗe ni game da hanci. Na gano ɗakin hutun malamai warin jiƙaƙƙen kare yake. Na gano motata toka ce mai taya huɗu. Na kuma gano, a wata Alhamis, cewa gashin matata yana ɗauke da taba iri biyu: tata da na sani, da wata baƙa mai zaƙi-zaƙi. Na ce wa kaina rumfar ƙarama ce, hayaƙi ba ya tambayar gashin wa zai shiga. Ni mutum ne mai ilimi, na iya auna hujja.

Ranar wata Litinin ta dawo daga ɗakin karatun da take aiki, ta rataye rigar sanyinta, ta wuce ta gabana. Litinin ba a gasa. Na bi rigar na sa hanci a wuyanta, na ɗago, sai ga ta a bakin kicin tana kallona.

"Lafiya? Ƙashi ka ɓoye a ciki?"

"Tabar Fergus ce wannan."

"To, sai me?"

"Yau Litinin."

"Kai, Allah ya sawwaƙe. An ba ka hanci ka koma ɗan sanda." Ta kunna butar shayi. "Ƙofar bayan asibitinsa da ta wurin aikinmu lungu ɗaya ne, ka manta? Ragewa nake yi. Na daina saye gaba ɗaya. In abin ya matsa min da rana, sai in leƙa ya naɗa min ɗaya."

"Kullum?"

"Ai ta aro ba ta shiga lissafi, kai ma ka sani."

Na sani. Duk wanda ya taɓa shan taba ya san wannan doka, ni kaina na rayu a kanta wata shekara da na yi shelar na daina. Abin da ya ci min rai shi ne gaskiya take faɗa. Da ƙarya ce, da na san abin yi. Na tambaye ta me suke tattaunawa a lungun.

"Ba komai. Yau na gaya masa maganar ƙullutun nan da aka gani a wuyan mahaifiyata."

"Wane ƙullutu?"

Ta tsaya da cokali a hannu. "Af. Ban gaya maka ba?"

Ba ta gaya min ba. Ba ɓoyewa ta yi ba, wurin faɗin irin wannan magana ne ya koma wani lungu, ni kuwa ba na can.

Da farko na yi tunanin in koma wa taba. Na tsaya gaban kanti har mai shagon ya tambaye ni ko na ɓata ne. Amma na tuna tudun Law, na tuna shirun likita, sai na ga akwai hanyar da ta fi dacewa da mai digiri: in ba zan koma rumfa ba, sai in fito da Shona daga cikinta. Na fara wa'azi. Na bar mata ƙasidu a kan matashi. Na riƙa ƙidaya tarinta da ido. Ta ce in na ƙara cewa "huhu" a gidan nan za ta jefa usur ɗin a kogi, ni kuma in bi shi.

Sai Allah ya kawo cikin Kirsty. Na kira ta a waya daga cikin mota, na yi mata bayani a matsayin uba mai damuwa, cewa hayaƙi yana maƙalewa a tufafi da gashi, jarirai kuwa ba su da bakin ƙorafi. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Ranar Lahadi Kirsty ta zo, ta zauna da hannu a kan cikinta, ta ce, "Mama, ba zan miƙa miki jariri kina warin toka ba. Dubi Baba mana." Shona ta dube ni. Na sunkuyar da kai irin na wanda ba ya son yabo.

Ta je wajen nas ranar Laraba, ta dawo da kwali irin nawa. Na riga na jera mata kwalaben ruwan usur mai ƙamshin mangwaro a kan tebur, na cika mata na farko, na nuna mata yadda ake ja a hankali ba kamar kara ba. Ta ja, ta yi tari, ta zage ni, ta sake ja. Rabon da in ji daɗi haka tun ranar da yaron da aka ba shugabancin sashe ya kira sarki da sunan jikansa a gaban sufeto.

"Nas ɗin nan tana da kirki," in ji Shona bayan kwana biyu. "Ta ce waɗanda suka daina su biyu sun fi ɗorewa. Ta tambaye ni ko ina da abokin sha."

Na san tambayar. Ni ma an yi min ita, na zo na roƙi Shona, ta ce in je in mutu ni kaɗai cikin ƙoshin lafiya.

"Kika ce mata ga mijinki."

"Haba Malam, kai ai ka haye tuntuni. Wanda yake cikin wahalar ake nufi. Fergus na ce. Da ƙyar ya yarda, sai da na ja shi har ƙofar. Na ɗauki kwalba biyu cikin naka na kai masa, ka yi haƙuri, bai san irin da zai saya ba."

Masu shan taba suna haɗuwa na ɗan lokaci su rabu, don kara yana ƙarewa, sanyi kuma yana koro mutum. Masu dainawa ba su da wannan iyaka. Wayarta ta fara ƙara tun kafin shayin safe: Fergus ya tashi yana laluben jakar tabarsa. Da rana ita ce take kira: wani ya wuce ta da sigari, ta kusa bin sa har tashar bas. Suna da tsarin da nas ta koya musu, duk wanda abin ya taso masa ya kira ɗayan kafin ya yi wauta. Tsari ne mai kyau. Na karanta a kansa, yana aiki.

Alhamis ta zo, aka tafi hutu, ba wanda ya rufe kofinsa a teburinmu. Shona ta zauna kusa da ni, kamar yadda na tsara. Fergus ya jawo kujera daga teburinsu ya zauna a ɗaya gefen nata, tun da shi ma yanzu ba shi da wurin zuwa. Suka sunkuya tare suna busawa ƙarƙashin tebur, kai da kai, suna dariya kamar 'yan aji uku. Ya ce nasa ba ya ja sosai. Ta karɓa ta sa a bakinta ta gwada, ta miƙa masa nata ya gwada. A rumfa dai ban taɓa ganin inuwa ta yi haka ba.

"Farfesa, duba min wannan abin, kai ne gwani," in ji shi.

Na duba. Wayar da ke ɗumama ruwan ce bai ɗaura daidai ba. Na gyara masa.

A hanyar gida na sa hanci a gashinta, kamar mai nuna ƙauna. Mangwaro. Rigarta mangwaro, motar mangwaro, ni kaina mangwaro. Ko ta wuni a ɗakin karatu, ko ta wuni a wani wuri, amsar da hancina zai ba ni ke nan daga yanzu, kuma daga aljihun teburina aka ɗauki kwalaben.

Lahadin da ta biyo baya ta ce in ƙara dankali a tanda, Fergus zai zo cin abincin rana. Bayan cin abinci ne abin ya fi tsanani, in ji ta, bai kamata a bar mutum shi kaɗai a gida da tsohuwar jakar tabarsa ba. Ya zo da furanni da kwalbar giya, ya zauna a kujerata ta gefen taga, don ba wanda ya gaya masa tawa ce. Kafin a zuba abinci suka fara ba juna labarin mafarkin da kowa ya yi, duk na taba. Na ce ni ma na yi irinsa a farkon dainawata, na ga kaina ina shan kara mai tsawon sanda.

Suka saurare ni cikin ladabi har na gama.

"Kai naka ya daɗe, ka manta yadda abin yake," in ji Shona. Ta dafa hannuna, ta juya wajen Fergus. "Ci gaba, sai matar ta miƙo maka me?"

Na tashi na nufi kicin, don tun daga nan falo na ji dankalin ya fara ƙonewa. Ni kaɗai na ji. Su hancinsu bai dawo ba tukuna.