Alewar da Ta Riga Amsar Banki

Tejpal mai raba madara a babur ya sayo kwalin alewar laddu tun kafin banki ya amsa. Sai saƙo ya shigo wayarsa: an hana shi katin bashi na masu yawo a jirgin sama, don ba shi da takardar albashi.

Yayarsa Kulwant ta fizge wayar. "Kai da ko ƙofar filin jirgi ba ka sani ba! Me kake saya kullum?"

"Fetur, Yaya."

"To ga wani katin mai mayar maka da 'yan canji duk lokacin da ka sha mai. Ajiyarka ta banki ce jingina, ba ruwansu da albashi."

Ya cike fom ɗin neman katin yana gunaguni. Ta buɗe kwalin, ta cusa masa laddu a baki.

"Ci, matuƙin jirgi. Madara na jira."